Wa Zai Tsaya Mana Ran da Katafila ta Zo?

Akwai wata koyarwa da ta daɗe tana yawo a cikin ikkilisiyoyinmu. Ba a rubuta ta a littafin masu neman baftisma ba, ba a kuma koyar da ita a makarantar Littafi Mai Tsarki, amma yaro da babba kowa ya haddace ta. Koyarwar ita ce, wai mai bi na ƙwarai ba ruwansa da taron gari. In mai unguwa ya aiko a zo a yi shawara a kan rijiya, ko hanya, ko filin makaranta, sai dattijon ikkilisiya ya gyara zama ya ce, "Wannan harkar duniya ce, mu namu yana sama." In an kafa ƙungiyar ci gaban ƙauye, sai mu aika da kuɗin karo-karo ta hannun yaro, mu kuwa mu zauna a gida. Ran da aka raba fuloti aka manta da mu, sai mu kira azumi na kwana uku.

'Yan'uwa, ni ban yarda wannan tsarki ne ba. Ƙyuya ce da tsoro suka ari rigar tsarki suka sa. Domin kada a ce ina nuna wani da yatsa a nan gida, bari in kai ku nesa, zuwa Khartum da Omdurman a ƙasar Sudan, inda aka gwada wannan magana da gidajen mutane, da majami'unsu, har da jininsu.

Kada wani ya ce Sudan ta yi mana nisa. Hanyar Makka ta ƙasa ta can ta bi, kuma Hausawa da Fulani da Barebari da yawa sun yada zango a can ba su ƙara gaba ba. Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin kogin Nilu, garin da suka kafa yana amsa sunansa har yanzu. Ta wajen bishara ma muna da dangantaka. Mishan ɗin SUM, wanda aikinsa ya haifi ikkilisiyoyi da yawa a ƙasarmu, shi ne ya yi aiki a duwatsun Nuba, inda Ikkilisiyar Kristi ta Sudan ta fito. Saboda haka in na ambaci majami'ar da aka rushe a can, ɗakin 'yar'uwarmu ce uwa ɗaya.

A daidai inda kogunan Nilu biyu suka gamu, tsakanin Khartum da Omdurman da Bahri, akwai wani tsibiri da ake kira Tuti. Ƙauye ne sosai a tsakiyar babban birni, da gonakin lemo da kayan lambu, da mutanen kabilar Mahas waɗanda kakanninsu suka riga birnin Khartum kansa zama a wurin. Sai wajen 2009 aka buɗe musu gada, dā da jirgin ruwa ake fito. Ka san ƙasa irin wannan, mai dausayi, a gaban fadar gwamnati, ba za ta rasa masu haɗiyar yawu a kanta ba. A 1944 gwamnatin Turawa ta so karɓe wani sashi na gonakin. Mutanen Tuti suka haye kogi gaba ɗayansu suka je suka ce ba su yarda ba. An rasa rai a wannan rana, amma ƙasar ta tsaya a hannunsu. Bayan shekara biyu, a 1946, kogi ya kawo ambaliya irin wadda tsofaffi ba su taɓa gani ba. Mutanen tsibirin suka ƙi tashi, suka tare ruwa da buhunan ƙasa dare da rana, har aka yi musu waƙa a kan haka.

Abin da na fi so ku lura da shi shi ne yadda suka tsara kansu. Suna da wani shiri da suke kira taya. An raba gaɓar tsibirin kashi kashi, kowane kashi da rumfarsa da mutanen da za su kwana a ciki suna duban ruwa in damina ta yi nisa. In ruwa ya fasa wani wuri, sai a buga ganga, a busa usur, a yi shela daga masallaci, kowa ya fito da shebur da buhu. Mata suna dafa abinci da shayi suna kai wa masu tsaro. Da wannan suka tsira a babbar ambaliyar 1988, wadda ta rushe gidaje bila adadin a Khartum. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaba musu a gaban duniya saboda wannan shiri. Ba kansila ne ya naɗa su ba. Babu wanda ya ba su mota ko alawus.

Duk wanda ya karanta Nehemiya sura 3 zai gane wannan hoto. Can ma an raba garun Urushalima kashi kashi, mutane da yawa suka gyara wurin da yake daura da gidansu, firistoci da maƙeran zinariya da masu turare da 'yan kasuwa, har da 'ya'ya mata na wani shugaba. Marubucin bai kuma manta ya rubuta cewa manyan mutanen Tekowa sun ƙi sa hannu ba. Shekara fiye da dubu biyu ke nan ana karanta abin kunyarsu. Ina tambaya, in za a rubuta littafin aikin gayya na ƙauyenku, a wane layi sunan ikkilisiyarku zai fito?

To, wannan irin ƙungiya ɗaya ke nan, wadda ta tsiro daga ƙasa. Akwai wata iri, wadda ake jefowa daga sama, ita ma Khartum ta ɗanɗana ta har ta ƙoshi.

Da Umar al-Bashir ya yi juyin mulki ran 30 ga Yuni 1989, gwamnatinsa ta kafa abin da ta kira kwamitocin jama'a a kowace unguwa. Sunan da daɗin ji. Amma yawancin waɗanda suka zauna a kujerun 'yan goyon bayan gwamnati ne. A hannunsu katin rabon sukari yake. A hannunsu takardar shaidar zama take, wato takardar da ke nuna kai ɗan unguwar nan ne, wadda in ba ka da ita ba ka da bakin neman fuloti. Su ne kuma kunnen hukuma a cikin lungu. A daidai wannan lokaci ne Khartum ta cika da 'yan gudun hijira, waɗanda yaƙin Kudu da na duwatsun Nuba da yunwar yamma suka koro, da yawansu Kirista. Suka yi bukkoki a bayan gari da kwali da buhu da laka. A 1990 aka fito da doka mai lamba 941 a kan irin waɗannan unguwanni, aka kuma sa Dokta Sharafuddin Bannaga, ministan da ke kula da gidaje a jihar Khartum, ya aiwatar. Katafila ta shiga aiki. Aka kwashe dubban mutane a manyan motoci aka zube su a fili fetal, a Jabal Auliya, da Mayo, da Wad al-Bashir, da wani sansani a yammacin Omdurman da gwamnati ta raɗa wa suna Salam. Mazauna wurin ba su kira shi da wannan suna ba. Suka sa masa Jabarona, wato "sun tilasta mana". Tsohuwar unguwar 'yan Afirka ta Yamma a kudancin Khartum, wadda ake kira Ishash Fallata, wato bukkokin Fallata, ita ma an tashe ta a farkon waɗannan shekaru aka mai da mutanenta Ingaz.

Gaskiya ɗaya ce, dole in faɗa. Akwai waɗanda suka sami fuloti da takarda ta wannan hanya, waɗanda dā ba su da ko taki ɗaya. Amma wa ya samu, wa ya rasa? Wanda sunansa ya shiga jerin kwamiti ya samu. Wanda babu mai shaidarsa ya rasa. Gwauruwar da ba ta da takardar zama 'yar ƙasa, da mutumin da ya tafi leburanci ran da aka zo ƙirga, sai dai su ɗauki ƙyauren ɗakinsu a ka su ƙara gaba. In kuma safiyo ya zana sabuwar unguwa, sai ka ga filin kasuwa, da na makaranta, da na masallaci. Wurin da majami'ar laka take kuwa, sai a ce titi ne zai bi ta kai. Haka aka rushe wuraren sujada da makarantun Katolika da yawa a shekarun 1990, Babban Bishop Gabriel Zubeir Wako yana ta kuka babu mai saurare. A Soba Aradi, kudu da Khartum, abin ya kai ga zub da jini a watan Mayu 2005, da aka zo tashin mutane da ƙarfi. 'Yan sanda 14 suka mutu, da mazauna wurin da dama.

Bayan Kudu ta ɓalle a 2011 sai abin ya ƙara tsanani. A 2014 ministan harkokin addini ya fito fili ya ce ba za a ƙara ba da izinin gina sabuwar majami'a ba, wai waɗanda ke akwai sun isa. Aka fito da jerin majami'u 27 da za a rushe a jihar Khartum, bisa hujjar sun saɓa wa tsarin gari. Ran Lahadi 7 ga Mayu 2017, katafila ta rushe majami'ar Ikkilisiyar Kristi ta Sudan a Soba Aradi. Ku lura da dabarar. Ba a ce an hana ku addininku ba. An ce ba ku da takarda, alhali ofishin da ke ba da takardar ya rufe muku taga.

Na san abin da wani zai ce a nan. Zai ce, "Ai ka kashe maganarka da bakinka. In gwamnati ta ƙudura, wace ƙungiyar unguwa za ta hana ta?" Ban ce za ta hana kullum ba. Ko mutanen Tuti da suka tare kogi ba su iya tare bindiga ba. Da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojan ƙasa da dakarun RSF, dakarun suka riƙe bakin gadar suka mai da tsibirin kurkuku, har zuwa ƙarshen 2024 yawancin mazauna suka fice. Wannan haka yake. Amma mu a ƙauyukanmu ba tankar yaƙi ke cinye mana fili ba. Abin da ke cinye mana fili shi ne wani taro da aka yi da la'asar a ƙofar gidan dagaci, mutum goma sha biyu a kan tabarma, aka ce wa ya san iyakar wurin nan, babu ko ɗaya daga cikinmu da zai ce ni na sani. Mugunta babba ba kullum take zuwa ba. Ƙananan kuwa kowace shekara suna nan, kuma yawancinsu mutum ɗaya mai gaskiya da ke zaune a wurin ya isa ya tsai da su.

Yanzu bari in taɓa inda ke mana ciwo. Ba daga waje kaɗai kwamitin naɗi ke fitowa ba. Ikkilisiyar Bishara ta Firesbiteriya a Sudan tana da filaye da gine-gine masu daraja a Bahri da Omdurman, gadon aikin mishan. A 2013 ma'aikatar harkokin addini ta amince da wani kwamiti dabam, ba wanda ikkilisiya ta zaɓa ba, ta ce shi ne zai riƙa magana da sunanta. Mutanen kwamitin nan ba baƙi ba ne, 'ya'yan ikkilisiya ne. Suka shiga ba 'yan kasuwa filayen. Masu bi suka yi zaman dirshan a harabar majami'ar Bahri, a watan Disamba 2014 'yan sanda suka kama fiye da mutum 30. A 2015 kotu ta ba zaɓaɓɓun shugabanni gaskiya, amma hukuncin bai hana komai ba. Ran 3 ga Afrilu 2017, a Makarantar Bishara ta Omdurman, aka soki dattijon ikkilisiya Yunan Abdullah da wuƙa yana ƙoƙarin kāre matan da ake duka, ya rasu.

In ka karanta 1 Sarakuna 21 da hankali za ka ga Yezebel ba ta je gonar Nabot da kanta ba. Wasiƙa ta rubuta wa dattawa da manyan garin Nabot, maƙwabtansa, su suka kira azumi, su suka samo shaidun zur. Mai ƙwace ba ya rasa kwamiti. Mu ma muna da masu irin wannan hali. Akwai ɗan'uwan da ba ya zuwa taron gari in aikin gayya ne, amma ran da ciyaman ya ce yana neman "wakilin Kirista" a wani kwamiti mai alawus, shi ne na fari a sakatariya da babbar riga. Ba wanda ya zaɓe shi, ba wanda yake ba rahoto. In an tambaye shi me aka yanke, sai ya ce ana nan ana dubawa. Manzanni da kansu, da gunaguni ya tashi a kan rabon abincin gwauraye, ba su naɗa abokansu ba. Suka ce wa jama'a su zaɓi mutum bakwai da aka shaida halinsu. Mu da ba mu kai manzanni ba, don me muke jin tsoron a ɗaga hannu a ƙirga?

Abin da ya biyo baya a Khartum ya isa ya kunyata tsofaffi irina. Tun daga 2013 samari da 'yan mata suka fara kafa nasu kwamitocin a ɓoye, unguwa unguwa, ba shugaba ɗaya da za a kama a ce an gama. Su ne ƙashin bayan zanga-zangar da ta fara a kan tsadar burodi a Disamba 2018, ta kai ga faɗuwar al-Bashir ran 11 ga Afrilu 2019. Bayan haka suka koma tsaron gidajen burodi da asuba, suna ƙirga buhunan fulawa kada a karkatar da su kasuwar bayan fage. Da yaƙin 2023 ya zo, ofisoshin hukuma suka watse, ƙungiyoyin agaji na waje suka kwashe ma'aikatansu, waɗannan yara ne suka rage. Suka buɗe ɗakunan agajin gaggawa. Suka kafa manyan tukwane a makarantu da masallatai da gidajen mutane, suna dafa wake da adas suna raba wa duk wanda ya miƙo kwano. Suka nemo magani, suka gyara famfo, suka binne gawawwakin da aka bari a titi. Ɓangarorin yaƙin duka biyu sun kama wasunsu, an kuma kashe wasu. Sudanawa suna kiran wannan hali nafir, mu kuma gayya muke ce masa. A 2025 aka ba waɗannan ɗakunan agaji lambobin yabo a Norway da Sweden. A unguwar Shajara kuma, gidan 'yan sista na Katolika da ake kira Dar Maryam ya zama mafakar maƙwabta wata da watanni, bam yana faɗuwa. Ba wanda ya tsaya a bakin tukunya yana tambayar mai yunwa inda yake sujada.

Wani zai ce, "Su ne masu yawa, in mun je taro ma rinjayarmu za su yi." Mai yiwuwa. Amma wanda aka rinjaya yana zaune ya ji abin da aka faɗa, ya san ranar da safiyo zai zo, ya sa an rubuta cewa bai yarda ba. Wanda bai je ba sai labari. Mutanen da Irmiya ya rubuta wa wasiƙa a sura 29 ba su da rinjaye a Babila, bayi ne da aka kwaso. Duk da haka ya umarce su su gina, su shuka, su nemi alherin birnin, domin nasu alherin a ɗaure yake da nasa. Bulus kuwa da aka duke shi a Filibi ba shari'a, bai ce a bar wa Allah ya sulale da dare ba. Ya ce mahukunta su zo da ƙafarsu su fito da shi, gama ya san 'yancinsa na ɗan ƙasa.

Wani kuma zai ce, "To mu kafa tamu ta Kirista zalla." Muna da su ai, sun fi a ƙirga, kowace da ankonta da kalandarta. Amma kwalbatin da ya karye bai san ɗarika ba, kwalara kuma ba ta duba katin baftisma. Ƙungiyar da aka gina a kan jini ko addini kaɗai tana da ranarta, sai dai in rigima ta tashi takan zama tutar da ake taruwa a ƙarƙashinta a yi faɗa. A jihar Blue Nile ta Sudan, a Yuli 2022, gardama a kan ko Hausawa suna da ikon samun sarautar gargajiya tasu, da abin da ke bayanta na mallakar ƙasa, ta ci rayuka fiye da 100. Hausawan Khartum suka fito zanga-zanga aka tarye su da barkonon tsohuwa. A Oktoba aka sāke, ya fi na fari muni. Mutanen da suka yi shekaru suna cin kasuwa ɗaya. Ban ce taron rijiya zai hana irin wannan ba, amma na sani yana da wuya ka cinna wa ɗakin mutum wuta in jiya kun ɗauki jinka tare.

Ban kuma rufe ido ga halin ƙungiyoyin garuruwanmu ba. Wasu ba su da aiki sai bikin ƙaddamarwa da neman babban baƙo. Ma'aji ya riƙe littafi shekara takwas ba wanda ya gani. Mata, waɗanda su ke tafiya mil biyu ɗiban ruwa, ba a kiransu ran da za a yanke inda za a haƙa burtsatse. Wannan duk gaskiya ne, shi ya sa ake bukatarmu a ciki. Mu da muka saba kowace Lahadi a ƙirga baiko gaban shaidu, a karanta rahoton kuɗi a taron shekara, a yi zaɓen dattawa in wa'adi ya cika, muna da abin da za mu kai. Zumuntar mata ta fi ƙananan hukumomi da yawa iya riƙon littafin kuɗi. Me ya sa wannan gwaninta take ƙarewa a bakin ƙofar majami'a?

Soja sun karɓe Khartum a watan Maris 2025, mutane suka fara komowa gidajen da aka washe. A watan Yuli na shekarar aka rushe wata majami'ar Fentikos a Hajj Yusuf, da tsohuwar hujjar nan ta tsarin gari.

Da na ji wannan labari sai na je wurin sakataren ikkilisiyarmu ta ƙauye, na ce ya nuna mini takardar filin da majami'armu take kai. Ya buɗe akwati, ya fito da littafin baftisma, da na aure, da rasit na kwanon rufi. Ya ce ai marigayi dagaci ne ya ba kakanninmu wurin, kowa ya sani. Na ce cikin waɗanda suka tsaya a wurin ran da aka bayar, su nawa suka rage? Ya yi shiru yana ƙirgawa da yatsa, ya ce saura ɗaya, shi ma ba ya gani sosai. Na tambaye shi yaushe ƙungiyar gari za ta zauna. Ya ce yana ji kamar ran Asabar ne, amma bai tabbata ba, domin mu ba mu cika zuwa ba.